Yadda ake ɗauko siginar sauti daga wayoyin mota na asali domin haɗa amfilifaya

Yawancin motocin da ke hannun mutane, 'yan Kwatano ne ko waɗanda aka saya sababbi, rediyon da kamfani ya ɗora musu ba shi da ramukan RCA a bayansa, wato ramukan nan ja da fari da amfilifaya ke karɓar sauti ta cikinsu. Wanda ya sayi amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, don ƙara wa motarsa kaurin sauti yakan tarar cewa jawo wuta daga batir abu ne mai sauƙi, inda gizo ke saƙar shi ne wurin da zai samo sautin da zai ba amfilifayar. A da ana cire rediyon ne a sa na kasuwa, Pioneer ko Kenwood ko Sony, a huta. Yanzu kuwa rediyon motoci da dama ya haɗe da allon dashbod da kyamarar baya da maɓallan sitiyari, don haka cire shi asara ce. Abin da ya rage shi ne a ɗauko siginar daga wayoyin da kamfani ya riga ya shimfiɗa, kuma kyan sautin da za a samu ya fi dogara ga wurin da aka ɗauko ta fiye da tsadar na'urar da aka saya. Wurin da ya dace kuwa ba a gane shi da ido, sai an auna da mita, wato na'urar auna wutar lantarki.

Siginar da ramin RCA ke jira mai rauni ce, daga ƙasa da bolt 1 zuwa kamar bolt 4 ko 5. Wadda ke bin wayoyin sifika kuwa rediyo ya riga ya ƙarfafa ta domin ta iya motsa sifika. Rediyon kamfani na gama-gari yana ba kowace sifika mai ohm 4 wajen wat 15 zuwa 20, abin da ke kaiwa kusan bolt 8 idan an ƙure murya, motar da ke da amfilifayar kamfani kuma tana iya ninka wannan ko ta wuce. Saboda haka dole a rage ƙarfin siginar kafin ta shiga sabuwar amfilifaya, in ba haka ba sautin zai dagule tun daga ƙofa.

Akwai wani abu da ya fi wannan haɗari, wanda ke ƙona rediyo a hannun masu wayarin da ba su lura da shi ba. A rediyon mota na zamani duka wayoyin sifika biyu suna ɗauke da wuta, har da wadda ake kira negatif, babu ɗaya daga cikinsu da take at, wato wadda ke haɗe da ƙarfen bodin mota. Idan ka kunna rediyo, ka juya mita zuwa DC, ka ɗora baƙin tsinke a kan ƙarfen bodi, jan kuma a kan kowace daga cikin wayoyin biyu, za ka ga kusan bolt 6, wato rabin wutar batir. A amfilifayoyi da yawa zoben waje na RCA yana komawa at ne, don haka wanda ya yanke kan wayar RCA ya ɗaura ta kai tsaye a kan wayar sifika ya haɗa wuta da bodi ke nan, kuma IC ɗin da ke ba da sauti a cikin rediyo shi ne zai fara tafiya. Kada negatif ɗin sifika ya taɓa bodi, kuma kada a haɗe negatif ɗin hagu da na dama wuri ɗaya da sunan rage yawan wayoyi.

Abin da za a karɓi siginar da shi

Kafin ka sayi komai, duba jikin amfilifayarka. Da yawa suna da ƙaramin soket mai wayoyi huɗu ko fiye da aka rubuta wa HIGH LEVEL INPUT ko SPEAKER IN, kuma idan taka tana da shi, wayoyin sifika za su shiga can kai tsaye, ita za ta rage ƙarfin da kanta. Sai dai ka duba takardarta ka ga iyakar bolt ɗin da wannan mashiga ke ɗauka, domin wadda ta wadatar ga rediyo zalla tana iya gazawa a gaban amfilifayar kamfani.

Idan babu wannan soket, sai a nemi ƙaramar na'urar da ake kira LOC, wadda masu shagon kayan sauti suka fi sani da hai-tu-lo. Wayoyin sifika suna shiga ta gefe ɗaya, RCA ya fita ta ɗaya gefen. Iri biyu ce. Mai arha ba ta buƙatar wuta, ƙananan taransifoma da rezisto ne a cikinta, tana kuma yin aiki daidai gwargwado idan wufa ɗaya za a ƙara a motar da rediyonta bai da wani ƙwaƙƙwaran tsari, ko da yake wasu marasa inganci suna cinye sautin da ya fi kauri. Ɗayar tana buƙatar wutar bolt 12 da at, tana ɗaukar sigina mai ƙarfi sosai, tana fitar da sigina mai tsabta, kuma galibi tana samar da wutar da za ta tayar da amfilifaya. LC2i ta kamfanin AudioControl misali ce da aka sani, tana karɓar har bolt 40. A ganina, wanda motarsa ke da amfilifayar kamfani bai kamata ya tsaya ɓata kuɗi a kan mai arhar ba.

Gane tsarin motar kafin taɓa waya

Tambayar farko ita ce ko motar tana da amfilifayar kamfani. Duba murfin sifikun ƙofa da fuskar rediyo. JBL a Toyota, Mark Levinson a Lexus, Bose a Nissan da Mazda, Infinity a Hyundai da Kia, Harman Kardon a BMW da Mercedes, duk alama ce cewa akwai amfilifaya a ɓoye, a ƙarƙashin kujerar gaba, ko a bayan shafin gefen but, ko a bayan dashbod. Ko babu tambari, sifika a tsakiyar dashbod ko wufa a bayan kujerun baya suna nuna hakan.

Idan babu amfilifayar kamfani, aikin ya zo da sauƙi. Wayoyi takwas ne ke fita daga rediyo zuwa kusurwoyi huɗu na mota, kuma yawanci kowane biyu suna ɗauke da cikakken sauti, daga mai kauri har zuwa siriri. A mota mai but irin Camry ko Accord ko Corolla, idan sifikun baya suna kan shiryayyen da ke bayan kujera, ana ganin wayoyinsu daga cikin but, kusa da inda amfilifayar za ta zauna. A motar da sifikun bayanta ke cikin ƙofa, an fi samun wayoyin a gindin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, kafin su shiga robar da ke kai su cikin ƙofa. Ɗauka daga baya yana da nasa cikas, idan aka karkatar da sauti zuwa gaba daga saitin rediyo, wufar ma za ta yi shiru, kuma a wasu motoci ƙarar na'urar gargaɗin fakin ta sifikun baya take fita.

Idan akwai amfilifayar kamfani, a nan ne ake buƙatar natsuwa, domin akwai wuri biyu, kafin amfilifayar da bayanta, kuma kowanne da irin matsalarsa. Siginar da ke zuwa daga rediyo kafin ta shiga amfilifayar takan kasance mai tsabta, ba a rarraba ta ba, amma a motoci da yawa ƙarfinta a tsaye yake, wato murɗa maɓallin murya ba ya canza ta, domin rediyon yana aika wa amfilifayar umarnin ƙari ko ragi ne ta wata wayar bayanai daban. Wanda ya ɗauka daga can zai sami wufar da ke duka da ƙarfi ɗaya ko an rage rediyo. A wasu motocin Jamus kuma, irin BMW da Mercedes da Audi masu tsarin MOST, sautin yana tafiya ne ta zaren haske, babu wata sigina da mita ko LOC za ta gani, sai da na'urar da aka ƙera musamman don wannan mota.

Bayan amfilifayar kuwa murya tana bin maɓalli yadda ake so, amma an riga an raba sautin gida-gida, tuwita, wato ƙaramar sifika, ta karɓi siriri, sifikar ƙofa ta karɓi matsakaici, wufar kamfani ta karɓi mai kauri. Wanda ya ɗauko siginar wufarsa daga wayar ƙaramar sifikar dashbod, kamar mai neman tsaki ne a garin da aka riga aka tankaɗe, duk yadda ya buɗe amfilifaya ba zai sami abin da aka cire ba. Idan wufa kawai za a ƙara, a ɗauka daga wayoyin wufar kamfani, in babu ita a ɗauka daga manyan sifikun ƙofar gaba ko na shiryayyen baya. Idan kuma ana son cikakken sauti domin amfilifaya mai hanya huɗu, sai an sami na'urar da ke haɗe hanyoyi biyu ko uku su koma ɗaya, ko na'urar DSP da ke gyara abin da kamfani ya lanƙwasa.

Gano wayoyin da aunawa

Launin wayoyin rediyon kasuwa sananne ne: fara gaba hagu, ruwan toka gaba dama, koriya baya hagu, shuɗiya mai ja-ja baya dama, kowace da abokiyarta mai baƙin layi a matsayin negatif. Wayoyin kamfani ba sa bin wannan tsari ko kaɗan. A Toyota da yawa na shekarun baya, sifikar baya ta hagu tana da baƙar waya a matsayin fosatif da ruwan ɗorawa a matsayin negatif, ta dama kuma ja da fara. Wanda ya saba cewa baƙa at ce, ja kuma wuta, zai yi ɓarna a nan cikin minti ɗaya. Motocin Turai irin Golf da Peugeot da Opel na da suna amfani da soket ɗin ISO, inda rukunin sifiku ke da ƙafafu takwas a jere biyu-biyu, baya dama, gaba dama, gaba hagu, baya hagu. Ko ka sami zanen wayoyin motarka, ka tabbatar da mita, domin kamfani yakan canza launi tsakanin shekara da shekara, kuma motar da ta wuce ta hannun masu ita da dama wataƙila an riga an taɓa wayoyinta.

Wayoyin sifika galibi a murɗe suke biyu-biyu, amma ba duk murɗaɗɗun wayoyi ne na sifika ba, domin wayoyin da kwamfutocin mota ke magana da juna ta cikinsu su ma a murɗe suke. Duk wayar da aka zura cikin ruwan ɗorawar roba ta waje (ba launin rigar wayar kanta ake nufi ba) ko take shiga soket ruwan ɗorawa, musamman a ƙarƙashin kujera da cikin ginshiƙi, ta jakar iska ce, ba a soka mata tsinke, ba a gwada ta da fitilar gwaji, balle a ɗora mata batir.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a sa sautin gwaji mai tsayayyen amo, ana samun manhajojin da ke fitar da shi a waya, a tura shi ta Bluetooth ko USB ko AUX. Saita 50 Hz (Hz ma'aunin amo ne, ƙaramin adadi amo mai kauri, babba siriri), ka kai murya rabi, ka juya mita zuwa AC, ka ɗora tsinkayen biyu a kan wayoyin biyu da kake zato. Idan na sifika ne, adadin zai hau idan ka ƙara murya, ya sauka idan ka rage, ya kuma ɓace idan ka karkatar da sauti zuwa ɗaya gefen. Da wannan gwajin kuma za ka san abin da wayar ke ɗauke da shi. Ba tare da taɓa murya ba, gwada 40 Hz, sai 60, sai 100, sai 300. Idan adadin ya tsaya kusa da juna, sigina cikakkiya ce. Idan ya faɗi warwas a ƙasa da 80, kamfani ya yanke mai kauri daga wannan hanya, sai a nemi wata. Mita mai arha ba ta karanta amo mai tsini sosai daidai, don haka kada ka yanke hukunci da abin da ta nuna a can sama.

Akwai kuma dabarar da kamfanoni ke yi don kare ƙananan sifikunsu, suna rage kaurin sauti yayin da murya ke hawa. Za ka gane ta idan ka auna 40 Hz da 300 Hz a ƙaramar murya, ka sake aunawa a babba, ka ga tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru. Wannan ne dalilin da wasu ke kukan cewa wufarsu tana duka a hankali amma tana laushi idan an ƙure. Wasu na'urorin LOC masu amfani da wuta suna da saitin da ke mayar da abin da aka rage.

Sanin fosatif da negatif ya zama dole, musamman ga wufa, domin amfilifaya tana haɗe hagu da dama su zama ɗaya, kuma idan ɗaya ya juye sai su kashe juna, a ji wufa tana motsi kaɗan babu kauri. Idan sifikar tana inda ake ganinta, cire soket ɗinta daga wayoyin mota, ka ɗan taɓa ƙafafunta da batirin tocila mai bolt 1.5. Idan takardar sifikar ta turo waje, ƙafar da ke kan fosatif ɗin batirin ita ce fosatif. Ba a yin wannan da tuwita, kuma ba a yinsa sifika tana haɗe da rediyo. Bayan an gama haɗi akwai gwaji mafi sauƙi, ka karkatar da sauti gaba ɗaya zuwa hagu ko dama, idan wufa ta ƙara ƙarfi fiye da lokacin da yake tsakiya, to wayoyin gefe ɗaya a juye suke.

Haɗawa

Cire negatif ɗin batir kafin ka fere waya. Amma ka fara tabbatar cewa rediyon ba ya neman lambar sirri idan wuta ta yanke, domin tsofaffin Honda da wasu motocin Turai suna yin haka, kuma 'yan Kwatano da yawa suna isowa babu katin lambar.

Idan wufa ce kawai za a ƙara, ba a yanke wayar sifika, ana jingina da ita ne. Fere rigar wayar kamar santimita 1 a tsakiya ba tare da ka yanke silin tagulla ba, ka raba silin da tsinke, ka zura sabuwar wayar ta ciki ka naɗe, ka like da dalma, sannan ka rufe da salatif mai kyau. Salatif mai arha yana saki idan mota ta yini a rana, kuma wayar da aka murɗa da hannu kawai tana kwancewa a kan hanya mai gargada, abin da ke biyo baya shi ne sauti mai yankewa ko waya ta taɓa bodi. Kada fere biyun su zo daidai da juna, a ba su tazara kaɗan. LOC ba ta jan wuta mai yawa daga rediyo, don haka sifikar kamfani za ta ci gaba da aikinta, kuma siririyar wayar sifika ta isa ta kai siginar.

Ya fi kyau LOC ta zauna kusa da amfilifaya, a ja wayar sifika mai tsawo, a bar RCA gajere, domin sigina mai ƙarfi ba ta kwasar hayaniyar wuta kamar mai rauni. Wayoyin sigina su bi gefe ɗaya na mota, babbar wayar batir ta bi ɗaya gefen, da fis ɗinta a cikin santimita 45 daga batir. At ɗin LOC mai wuta ya tafi wuri ɗaya da na amfilifaya, a kan ƙarfen da aka kankare wa fenti.

Idan sifikun ƙofa ne za a mayar kan sabuwar amfilifaya, a nan dole a yanke. Gefen da ya fito daga rediyo ya tafi LOC, gefen da ya nufi sifika ya karɓi abin da amfilifaya ta fitar, kuma gefen biyu kada su sake haɗuwa. Wasu rediyoyi, musamman a motocin Chrysler da Jeep da wasu Volkswagen, suna duba ko akwai sifika a kan layi, idan ba su ji nauyinta ba sai su rufe wannan hanya. Maganinsa rezisto ne da ake ɗorawa tsakanin wayoyin biyu, ko LOC da aka gina shi a cikinta.

Amfilifaya tana kuma buƙatar ƙaramar wutar bolt 12 a ƙafar REM domin ta tashi tare da rediyo. LOC mai wuta tana iya samar da ita ta hanyar jin bolt 6 ɗin nan da ke bayyana a wayar sifika idan rediyo ya kunnu, ko ta jin sautin kansa. Ta farko ta fi tabbas inda take aiki, ta biyu takan kashe amfilifaya idan waƙa ta yi shiru na ɗan lokaci. Idan babu ko ɗaya, a ɗauko daga fis ɗin da ke samun wuta sai an murɗa makulli, kamar na soket ɗin caja, bayan an auna an ga yana mutuwa idan an kashe mota. Wayar eriya mai tashi da kanta ba ta dace ba, domin a motoci da yawa tana yankewa da zarar an bar tashar rediyo an koma CD ko Bluetooth. Haɗa REM da wutar batir kai tsaye kuwa batir zai kwana yana zuba.

Daidaita ƙarfi da abin da kan biyo baya

Mayar da saitin kauri da siriri na rediyo tsakiya, ka rufe maɓallin GAIN, wato na daidaita ƙarfin sigina, na LOC da na amfilifaya, ka cire wayar wufa. Sa 50 Hz, ka kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, domin yawancin rediyoyin kamfani suna fara dagula sauti kafin ƙarshen maɓalli. Buɗe LOC har fitilarta ta gargaɗi ta fara ƙyaftawa sannan ka ɗan koma baya, in ba ta da fitila ka tsaya a adadin da mashigar amfilifaya ke ɗauka. Daga nan ka auna AC a mafitar amfilifaya. Adadin da ake nema shi ne wanda idan aka ninka shi da kansa zai ba da wat sau ohm. Amfilifaya mai wat 300 na gaskiya a kan wufa mai ohm 4 tana ba da 1200, don haka za ka buɗe GAIN har mita ta nuna kusan bolt 34.6, ka tsaya. A yi lissafin da wat ɗin RMS, wato wat na gaskiya, a bar babbar lambar da ake bugawa a jikin kwali.

Idan bayan an tayar da inji aka ji siririn kuka yana hawa da sauka tare da totur, hayaniyar altaneta ce, kuma a fara duba at, sannan hanyar da RCA ya bi, sannan ko an buɗe GAIN ɗin amfilifaya fiye da kima don cike raunin LOC. Wani abu daban kuma yana faruwa a motocin da ke da tsarin kashe ƙugin inji, irin Honda Accord daga 2013 da wasu masu V6 kafin nan. Motar tana da makirufo a rufi da ke sauraron ƙugi, tana tura kishiyarsa ta cikin sifiku, sabuwar wufa kuma sai ta ƙarfafa wannan sigina ta zama wani gurnani mai nauyi da ke zuwa idan an rufe ƙofofi mota tana tafiya, ko rediyo yana a rage. Ana magance shi da cire soket ɗin na'urar da ke wannan aiki ko na makirufonta, tare da lura kada a cire makirufon amsa waya, wanda shi ma a rufin yake kusa da fitilar gaba.